Babi na Shida: Masu Suna Biyu

A ƙarshen watan Yuni na 1830, damina ta sauka, wasu baƙi suka fito daga kwale-kwale a gaɓar Kwara suka nufi Bin Yauri, inda fadar sarki take a wancan zamani. Turawa ne biyu, wa da ƙane, Richard Lander da John Lander. Daga Busa suka hauro, suna cigiyar takardun Mungo Park, Baturen nan da ya ratsa Yauri a 1806 kafin ruwa ya ci shi a duwatsun Busa. Sarki ya riƙe su fiye da wata guda, yau da gobe, daga ƙarshe suka juya ba takarda ko ɗaya. Littattafan makaranta a kan Turawan nan biyu suka tsaya. Ni kuwa wanda ya tsaya mini a rai wani dattijo ne a cikin ayarin, mai yi musu tafinta, wanda in ya buɗe baki a kasuwar Bin Yauri ba mai ce masa baƙo, don Hausarsa ta Gobir ce tsantsa. Turawan suna kiransa William Pasko. Sunan da aka raɗa masa ran suna Abubakar ne.

Labarin yadda Abubakar ya zama Pasko labarin dubban mutane ne. An kama shi a ƙasar Hausa, aka sayar wa fataken Gwanja, daga hannu zuwa hannu har bakin teku, aka cusa shi a jirgin Fotugal mai zuwa Bahiya ta ƙasar Birazil. A tsakiyar ruwa jirgin yaƙin Ingila ya tare su, aka kwance masa mari, ya zama ma'aikacin jirgin ruwan Ingilishi. Ya yi wa wani Bature mai suna Belzoni tafinta har mutumin ya mutu kusa da Binin a 1823. Ya bi Kyaftin Clapperton zuwa Kano da Sakkwato, yana nan kuma Clapperton ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827. Ga shi yanzu a Yauri, a kan hanyar da fatake ke bi su ƙetare ruwa su nufi Nikki da Jugu da Salaga, irin hanyar da aka taɓa kora shi a kanta da igiya a wuya. Turawan da suka rubuta labarinsa sun cika shafuka da yadda yakan sulale ya gudu, da matan da ya aura a hanya. Sunansa na Kirista suka fi sani. Kuma wannan shi ne abin da zai riƙa tare mu a duk tsawon babin nan: takarda tana riƙe sunan da aka ba bawa, shi kuwa bawan shi ya san wanda yake kira in dare ya tsala.

Bari mu fara da abin da mutanen nan suka ɗauko daga gida. Wanda aka kama a Gobir ko Katsina ko Kabi, sau da yawa Musulmi ne, ya yi karatun allo, ya san alwala, wataƙila da laya a damtsensa. Tun a 1615 Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta fatawarsa yana lissafa mutanen Kano da Katsina da Gobir da Barno cikin Musulmin da bai halatta a bautar ba, amma fatawa daban, kasuwa daban. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 sun cika hanyoyi da kamammu daga kowane ɓangare, na masu jihadi da na masu yaƙarsu. Shi ya sa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Clapperton fuska a 1824 da aka zo maganar hana kai bayi bakin teku: abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne Musulmi na faɗawa hannun Nasara.

Amma a ƙasarmu ta Yauri akwai wasu da fatawar ba ta rufe ba. Kambarin Ngaski, Dukkawa, Shangawa, Gungawan tsibirai, da yawansu a lokacin suna kan addinin kakanni. Sun san Ubangiji ɗaya da ke sama, sun kuma san masu tsayawa tsakani: kakannin da suka riga mu, iskokin ruwa da na dutse da na kuka, da Magiro wanda muryarsa in ta tashi mata da yara kan shige ɗaka. Irin wannan addini a ƙasa yake dashe. Yana da tsaunin da ake hawa, yana da bishiyar da ake yanka a gindinta, yana da tsohon da ya san ranar. Musulmin da aka kai wata duniya yana iya duban rana ya gane gabas, ya yi taimama da ƙasar da ya tarar. Bakambaren da aka raba da tsaunin gidansu fa? An bar shi da sunayen a ka, ba wurin da zai kai su.

Kafin mu ɗora wa Turawa laifin sauya wa mutane suna da addini, gaskiya ta wajaba mu dubi gida. Bawan da aka kawo rinji a ƙasar Hausa shi ma sunan uwarsa yakan faɗi a hanya. Sai a ce masa Nagode, ko Nasamu, ko Allah-bar-Sarki, sunan da ke faɗin farin cikin ubangidansa. A koya masa salla, 'ya'yansa su tashi cucanawa, Musulmi, ba su jin harshen kakarsu. Ina yaro akwai wata tsohuwa a unguwarmu mai tsagar fuska wadda ba irin ta kowa ba. Ba ta wasa da salla, carbi kullum a hannu, amma in tana daka ita kaɗai takan yi wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa da wani yare, in ta ga mun matso sai ta yi shiru. Sai da na girma na fahimci cewa ita ma mai suna biyu ce.

A Bahiya, inda jirgin Abubakar ya nufa bai isa ba, shiga Kirista doka ce. Cocin Katolika da gwamnatin Fotugal sun wajabta a yi wa kowane bawa baftisma. A Luwanda ta Angola tun kafin a shiga jirgi ake jera mutane, fada ya bi su da ruwa da gishiri, kowa a ba shi suna. Waɗanda aka kwaso daga gaɓar da ke kudu da mu kuwa sai sun sauka ake yi musu. Ba wanda ake tambaya ko ya yarda. Tilas ba ta rasa ɗakin kwana.

Muna da shaidar wanda aka yi wa. Mahommah Gardo Baquaqua mutumin Jugu ne, garin nan na kan hanyar goro, mahaifiyarsa kuma Bakatsiniya. An kai shi Farnambuko wajen 1845, ya faɗa hannun wani mai gidan burodi. A tarihin rayuwarsa da aka buga a Amurka a 1854 ya ba da labarin yadda ake ibada a gidan: sau biyu a rana, iyalin gida a gaba, bayi a baya, kowa a durƙushe gaban gumakan waliyyai, suna maimaita kalmomin da ba su san ma'anarsu ba. Maigidan yana addu'a da bulala a hannu, wanda gyangyaɗi ya ɗauka ita za ta tashe shi. A Birazil sunansa José da Costa.

To me ya faru da abin da ke ƙirji? Amsar da Hausawan Bahiya suka bayar tana rubuce a takardun kotu. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen da Hausawa suka ƙulla a birnin Salbado. A 1814 suka tashi da gaske a wuraren masunta na gefen birni, kuma takardun Fotugis sun kira jagoransu da laƙabin "malomi". Duk Bahaushen da ya ji wannan kalma ya san malam ce ta ƙetare teku. Sai babbar, ta daren 24 zuwa 25 ga Janairu 1835, a goman ƙarshe na azumi, lokacin da mutum kusan 600 suka fito titi sanye da fararen riguna, da layu a wuya. Yawancinsu Yarabawa Musulmi ne, amma cikin malaman da aka kama akwai Bahaushe mai sayar da taba, wanda a takarda sunansa Elesbão do Carmo, a bakin jama'a kuwa Dandara. Da 'yan sanda suka kwashe rubuce-rubucen Larabci daga jikin gawawwaki da ɗakunan bayi suka rasa mai karantawa, wani bawa Bahaushe mai suna Albino suka nemo ya karanta musu. Akwai wani dattijon malami, Pacífico Licutan, wanda da alƙali ya tambayi sunansa ya ce shi Bilal ne. Alƙalin ya fusata, don ya san ba sunan da ke takarda ke nan ba. Duk mutanen nan masu sunayen Kirista ne. Shekara da shekaru ana ganinsu a matsayin 'ya'yan coci, su kuwa suna tara almajirai a ɗakunan haya, suna rubutu a allo, suna haɗa kuɗi su fanshi junansu.

Masu addinin gargajiya wata dabara suka yi. Yarabawa sun tarar cocin Katolika cike da waliyyai, kowane da ranarsa da launinsa da abin da ake roƙo a wurinsa, sai suka ga wuri ya samu. Suka ajiye Ogun a bayan Waliyyi Antoniyo, suka ajiye Yemoja uwar ruwa a bayan Maryamu. Daga nan addinin Kandombile ya tsiro, yana nan da ransa a Birazil har gobe. Mu bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, domin bayin ƙasar Hausa da aka kai Tunis da Tarabulus haka suka yi da bori: suka raɓa shi a jikin ziyarar waliyyai, garaya na tashi, iskoki na sauka da sunayensu na Hausa. Baturen nan Tremearne ya tarar da su a can, ya rubuta littafi a kai a 1914.

Sai dai zan yi wa mai karatu rashin adalci in na bar shi da zaton duk wanda ya shiga Kirista a cikin bauta lulluɓe kura ya yi da fatar akuya. Akwai waɗanda suka shiga da zuciya ɗaya, kuma dalilansu ba na wasa ba ne. Baquaqua ɗin nan da aka durƙusar da bulala, da jirgin ubangidansa ya tsaya a New York a 1847 ya tsere, aka kai shi Haiti, ya faɗa hannun wani mai wa'azin Baftis, William Judd, da matarsa, suka riƙe shi kamar ɗa. A 1848 ya nemi baftisma da bakinsa, ya kuma ƙare shekarun da muka san labarinsu yana neman kuɗin jirgin da zai mayar da shi gida ya yi wa'azi. Addinin da aka ɗura masa da duka a Farnambuko bai shige shi ba. Wanda aka miƙo masa tare da abinci da magani da karatu ya shige shi.

A Amurka ma bayi sun tarar da wani abu a cikin Littafi Mai Tsarki da iyayen gijinsu ba su so su gani ba: labarin Annabi Musa da Fir'auna, mutanen da aka bautar Allah ya ji kukansu ya tsaga musu teku. Masu gonakin rake sun san haɗarin wannan labari, har a 1807 aka buga wani taƙaitaccen Littafi a Landan domin bayin tsibiran Karibiyan, aka zare labarin fitowa daga Masar daga ciki. Duk da haka labarin ya isa kunnen waɗanda aka ɓoye wa, ya zama ƙashin bayan waƙoƙinsu da addu'o'insu na cikin daji. A hannunsu addinin maigida ya juye ya zama ƙarar da ake kai maigida gaban Allah. Tsakanin waɗannan da mutanen Bahiya kuma akwai irin su Umar ibn Sa'id, malamin Futa Toro da aka sauke a Charleston a 1807. Ya shiga cocin Firesbiteriya, yana zuwa sujada, jama'ar gari na alfahari da shi. Da ya zauna rubuta tarihinsa da Larabci a 1831, da Suratul Mulk ya buɗe, surar da ke faɗin cewa mulki na Allah ne shi kaɗai. Masana suna ta ja-in-ja a kan ko wane ne shi a zuci. Ni a ganina mutumin da aka mallaka kamar akuya, ya zaɓi wannan sura ta zama farkon maganarsa, ya faɗi abin da yake son faɗa.

Mu dawo kusa da gida. Jiragen Ingila da suka tare irin jirgin Abubakar, Saliyo suke kai mutanen. A can dubun dubata suka sauka, ba dangi, ba gari, aka zaunar da su a ƙauyukan da 'yan mishan ke kula da su. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Cikin yaran akwai Ajayi, wanda aka kama a Osogun a 1821, aka kuɓutar a 1822, aka yi masa baftisma a 1825 da sunan Samuel Crowther. Shi ne ya hauro Kwara a 1857 cikin jirgin Dayspring, jirgin ya fashe a duwatsun Jaba, ƙasa da mu kaɗan, ya yi zaman dole a ƙasar Nufe yana koyon yare yana neman wurin kafa makaranta a Raba. A 1864 ya zama bishop baƙar fata na farko a cocin Angilika. Mutumin da ya ba da shekara sittin na rayuwarsa ga abu, ba a ce masa mai riya.

Labarin da ya fi taɓa harshenmu kuwa na Dorugu ne da Abbega. Dorugu yaro ne Bahaushe daga Dambanas a ƙasar Damagaram, aka kama shi aka kai Kukawa. Abbega Bamargi ne. Bajamushen nan Overweg ya 'yanta su, da ya mutu a 1852 suka koma hannun Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim. Da shi suka ratsa Sakkwato da Gwandu da Birnin Kabi a 1853 har Tambutu, a 1855 ya tafi da su Ingila. A can suka zauna gidan wani limamin Kirista, James Frederick Schön, wanda ya daɗe yana fama da Hausa. Dorugu ya zauna yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, shi kuwa yana rubutawa. Daga bakin yaron nan ne aka sami kaso mai yawa na littafin Magana Hausa na 1885, Hausarsa kuma ta shiga nahawu da ƙamus da fassarar Linjila da Schön ya yi. Wato rubutun Hausa na boko da nake yi yanzu, akwai bakin bawa a tushensa.

An yi wa su biyun baftisma a 1857, ɗaya ya zama James Henry Dorugu, ɗaya Frederick Buxton Abbega. Gida ɗaya, malami ɗaya, ruwa ɗaya, amma hanya ta rabu. Abbega ya dawo a shekarar, ya zauna Lakwaja, ya koma Musulunci, har ya yi sarautar garin. Dorugu ya dawo a 1864, ya yi ta aikin tafinta, a ƙarshen rayuwarsa yana koyar da boko a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda ya rasu a 1912.

A lokacin da waɗannan ke tsufa, ƙasar Kambari ba ta huta ba. Umaru Nagwamatse ya kafa Kwantagora, daga baya ɗansa Ibrahim ya hau gadon sarautar, hare-harensu suka watsa ƙauyuka da yawa a gabashin Yauri, mutane suka hau duwatsu, wasu suka shige tsibirai. Yauri kanta rikicin gida ya cinye ta har fada ta tashi daga Bin Yauri ta dawo Yelwa a 1888. Sai a 1901 Turawa suka ci Kwantagora, a shekarar ne kuma Gwamna Lugga ya yi shelar cewa duk yaron da aka haifa bayan ƙarshen Maris ɗa ne. Yaran da aka ƙwato daga hannun fatake, waɗanda ba su ma san sunan garinsu ba, aka tara su a gidan 'yantattun bayi na Zungeru. A 1909 gwamnati ta miƙa su ga 'yan mishan na SUM a Rumaisha, bakin Binuwai, suka tashi Kiristoci, wasu suka zama malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da masu bishara na farko a Arewa. Cocin da ke ƙasar Kambari da Yelwa a yau daga baya ya zo, ta hannun mishan ɗin da ya zama UMCA da kuma Katolika. Amma duk wanda ya zauna da tsofaffin yankin ya san tunanin dawakin hari yana cikin abin da ya sa wasu gidaje suka daɗe suna ɗari-ɗari da addinin mahara, suka saurari baƙon da ya zo da allura da allo. Wannan magana tana da ɗaci a bakin Musulmi irina, ɗacinta kuwa bai hana ta zama gaskiya ba.

Tun da madatsar Kainji ta tare ruwa a 1968, tsohuwar Busa da tsibirai da yawa na Gungawa suna ƙarƙashin tafki, da wuraren tsafinsu da kaburburan kakanninsu. Wanda ya tsaya a bakin ruwa a Yelwa ranar kasuwa, yana kallon jirage na sauke albasa da busasshen kifi, ba zai ga alamar mashigin da aka riƙa ƙetarar da mutane a ɗaure ba. Abubakar Pasko ya sake bin Richard Lander a tafiyar 1832, a bakin Kwara ajalinsa ya same shi, can ƙasa, bai koma Gobir ba.

Akwai wata takarda guda da nakan koma wa. Wajen 1850 wani ɗan mishan Bajamushe a Firitawun, Sigismund Koelle, ya bi 'yantattun bayi ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kowa garinsu, da yadda aka kama shi, da shekarunsa nawa rabonsa da gida, sannan ya karɓi kalmomi kusan 300 na harshensa. Littafin ya fito a 1854 da sunan Polyglotta Africana. Akwai Hausar Kano da ta Katsina a ciki, akwai Nufanci da Barbarci da Kamukanci. Akwai kuma layi guda na Kambari. Wani mutum daga wannan ƙasa tamu, wanda aka bi da shi ta hannun fatake har teku, ya zauna gaban Bature a wani gari mai coci a kowace unguwa, aka tambaye shi yadda ake cewa ɗaya da biyu, da uwa da uba, da ruwa da wuta. Da aka gangaro ƙasan jerin aka tambaye shi yadda ake cewa Allah, da laya, da yankan sadaka, ya faɗa da Kambarci, Koelle ya rubuta.